Ra'ayinmu: Kwalbar Ƙarin Kuzari da Albashin Malami

Duk ƙarshen wata, da zarar labari ya bazu cewa albashi ya shiga, akwai baƙon da ba ya makara a makarantunmu. Yakan iso a kan babur da jaka shaƙe da kwalabe masu sheƙi: wannan na ƙarin jini ne, wancan na wankin ciki, ga na ƙarin kuzari, ga kuma wanda aka ce yana kawar da hawan jini da ciwon suga a lokaci guda. Har bashi yake bayarwa, domin ya san wani watan ma zai ƙare. Daga Janbako zuwa Bakura da Talata Mafara, da wuya a sami ofishin malamai da bai san wannan ciniki ba, kuma mai wannan rubutu ba zai rantse cewa bai taɓa saye ba.

Ba mu ce duk ƙwayar ƙarin sinadari banza ce ba. Bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 sau biyu a shekara yana kare ido, yana ƙarfafa garkuwar jiki. Ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa mata wajen awon ciki tana ceton rai. Amma waɗannan ma'aikacin lafiya ne ke bayar da su, ga wanda ya dace, a kan ƙa'ida. Lambar NAFDAC da mai jaka ke nunawa shaida ce ta rajista, ba hujja ba ce cewa abin yana warkar da cuta. Babban abin tsoro shi ne malamin da likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, ya ajiye shi saboda ya sayi kwalba. Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce ke fara ba da labarinsa, wani lokaci a tsakiyar darasi.

Abin mamaki, muna zaune ne a gindin madatsar Bakolori. Albarkacin ruwanta ana samun tumatir da albasa da ganye har da rani, ga kifi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko ɗanwake, ko faten wake da alayyafo, ko miyar kuka mai daddawa a kan tuwon dawa, abinci ne da ya gina iyayenmu, sai ga shi yau muna jin kunyar a gan mu da shi, mun koma burodi da lemon kwalba. Mun sani rashin tsaro ya tarwatsa rugage, nono ya yi tsada, noma ya ja baya a ƙauyuka da dama na Maradun. Duk da haka kuɗin kwalba ɗaya ya isa mudun wake har da canji.

Sai batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, alhali ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a tukunya uku-uku galibinsa gishiri ne. Shayin da muke kora abinci da shi kuwa yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. A jinkirta shi kamar awa guda, a matsa lemon tsami a kwaɗo. Mu ne fa muke koya wa 'yan aji huɗu rukunonin abinci a allo.

Don haka muna kira ga shugabannin reshe da su ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a sayi na'urar awon jini, a riƙa gayyato ma'aikacin lafiya duk ranar taro ya auna kowa kafin a buɗe ajanda. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a tura shi asibiti a sake dubawa. Shugabannin makarantu kuma muna roƙonsu su daina bai wa masu tallan magani kujera a ofis a lokacin aiki.