Ɗigon Jini a Dunduniyar Jariri: Da Me Ake Auna Tasirin Mai Bincike?

A jami'o'inmu an saba auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa. Tarihin Robert Guthrie (1916–1995), likita kuma masanin ƙwayoyin cuta a birnin Buffalo na Amurka, ya nuna cewa wannan ma'auni bai wadatar ba.

Akwai wata cuta ta gado da ake kira PKU, wadda jikin mai ita ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikin madara, nama da sauran abinci masu gina jiki. Sinadarin yakan taru ya lalata ƙwaƙwalwa tun kafin iyaye su farga, alhali da an gano cutar a makonnin farko, sauya abinci zai kare jaririn. Guthrie ya samar da hanya mai sauƙi: a soki dunduniyar jariri, a ɗiga jini a kan takarda mai tsotse ruwa, ya bushe, a aika ta gidan waya. A ɗakin gwaje-gwaje sai a ɗora guntun takardar kan ƙwayoyin bakteriya da aka hana yaɗuwa. Idan sinadarin ya yi yawa, sai su yaɗu. Shi da Ada Susi suka wallafa wannan hanya a 1963, kuma har yau ana kiran takardar da sunansa.

Sai dai gwajin da ba a tabbatar da ingancinsa ba yana iya zama masifa. Idan ya ce lafiya lau alhali akwai cuta, an yi asarar yaro. Idan ya ce akwai cuta alhali babu, an jefa iyali cikin fargaba. Shi ya sa a 1978 hukumar CDC ta Amurka ta kafa shirin tabbatar da ingancin gwajin jarirai, wanda Harry Hannon ya daɗe yana jagoranta. Shirin yakan aika wa ɗakunan gwaji busasshen jinin da aka riga aka san abin da ke cikinsa, domin a gane wanda ke kuskure. Aiki ne marar armashi, amma shi ya sa uwa za ta iya amincewa da sakamako.

A ganina, nan ne tasirin gaskiya yake: binciken da ya bar mujalla ya isa hannun ungozoma, kuma sakamakonsa bai sauya daga gari zuwa gari ba. Wani zai ce wallafa ce ke tace bincike. Haka ne, amma ita mafari ce kawai.

Batun ya shafe mu, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, wadda ake iya ganowa da irin wannan ɗigo. Binciken da Marilyn Gaston ta jagoranta a 1986 ya tabbatar da cewa ba wa irin waɗannan yara maganin fenisilin kullum na kare su daga cututtuka masu kisa. A Kumasi ta Gana kuwa, Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci fara gwajin jarirai a 1995.

Mu manazarta Hausa muna da namu kason. Wace kalma za ta bambance wa uwa tsakanin mai ɗauke da AS da mai fama da SS ba tare da an ɗora mata laifi ba? Sakamakon da uwa ba ta fahimta ba bai kammala aikinsa ba. Ya kamata sassan Hausa su haɗa kai da tsangayoyin likitanci wajen daidaita waɗannan kalmomi, kuma kwamitocin ƙarin girma su ɗauki wannan aiki a matsayin bincike cikakke.