Zuwa Ga Marubutan Labaran Matasa: Ku Ba Mu Mutane Masu Rai



Daga unguwar Gesse a Birnin Kebbi nake rubuto muku, ni da na saba biyan kuɗi in shiga zauren WhatsApp don bin labari shafi-shafi. Kwanan baya wani labari ya yi tashe a nan, 'yan mata na tura wa juna, matan aure na karanta shi bayan isha'i. Ba zan kama sunansa ba, domin irinsa suna da yawa. Na kai ƙarshensa raina a ɓace, kuma taurarinsa ne suka ɓata min.

Jarumin ɗan hamshaƙin attajiri ne, miskili, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. An ce mana likita ne, amma har labarin ya ƙare bai duba marar lafiya ba. Ya mari jarumar labarin, ya kulle ta a ɗaki, ya kira ta 'yar matsiyata, sannan aka ce wai so ne ke ɗawainiya da shi. Ita kuwa jarumar, an yi ta yabon farar fatarta da tsawon gashinta, amma ba a taɓa gaya mana abin da take nema a duniya ba. Kuka ne aikinta. Kishiyarta kuma, kamar kullum, baƙa ce, mummuna, mai bin bokaye tun daga shafin farko.

Abin da ya fi ci min rai shi ne 'yar shekara 16 da ke karanta wannan a ƙarƙashin bargo. Tana koyon cewa wulaƙanci alamar ƙauna ce, kuma idan ta daure, azzalumi zai zama mutumin kirki a babin ƙarshe. Wallahi da yawa sun daure a gidajen aure, babin nan bai zo musu ba.

Ba a rasa magabata ba. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikinsa, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sana'ar abinci ta riƙe su. Mun san tukunyarta, mun san fushinta, mun san inda ta gaza. Shi ya sa har a Indiya aka buga fassarar littafin da Turanci a 2012. A wani littafin Hajiya Balaraba, Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu da ƙafarta. Ko Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya ƙago tun shekarun 1930, mugu ne mai wayo da ban dariya, kuma har yau ba a manta da shi ba.

Na san matsin da kuke ciki: kullum sai an saki shafi, masu karatu na ta kiran a ƙara, kuma labarin miskili na kawo kuɗi. Duk da haka ina roƙonku, kafin ku zaɓa wa jaruminku mota, ku zaɓa masa aiki, kuma mu gan shi yana yi. Ku duba kusa da ku. Ga saurayin da ke noman shinkafa a fadama yana lissafin kuɗin man injin ban-ruwa kafin ya kai lefe. Ga ɗan masunci a Argungu da ya gaji homa da gora, ya shiga kogin Matan Fada tun yana yaro, amma zuciyarsa na ga karatu. Ga ɗalibar kwalejin Waziri Umaru da ke ɗinki da dare don ta biya kuɗin makaranta. Duk waɗannan suna soyayya, suna kishi, suna kuskure.

Ku bar jarumarku ta yi laifi da kanta, ta kuma ɗanɗani sakamakonsa. Ku ba kishiya dalili, domin ita ma 'yar wani ce. Idan Bakabe ne ke magana, ku bar shi ya yi da harshen Kabi, kada ku cusa masa Turancin da ko a gidansu ba a ji. In kuma jaruminku ya ɗaga hannu ya mari mace, to a samu wani a cikin labarin, uwa ko aboki ko liman, da zai dube shi ya ce masa zalunci ya yi.

Wassalam,
Wata mai karatunku, Gesse, Birnin Kebbi.