Ba gado kaɗai ke yin makaɗi ba



Bayan kakar bana na je bikin ƙanwar wani abokina a wani gari cikin karkarar Dungas. An yi ɗaurin aure da safe, an ci an sha, da yamma aka share fili. Ina zaune ina jiran in ji kalangu, sai ga wani yaro ya turo baro ɗauke da ƙatuwar sifika da batir. Ya haɗa wayarsa, ya danna. Shi ke nan, an gama kiɗan biki. 'Yan mata sun yi rawa, ba laifi, har ƙura ta tashi. Amma ni idona yana kan ƙananan yaran da ke bakin fili. Hannuwansu na cikin aljihu. Babu abin da za su taɓa, babu wanda za su tsuguna kusa da shi su kalli yatsunsa.

A wannan fili ɗin, ko irinsa, ni na fara kiɗa. Kuma ni ba ɗan makaɗa ba ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan kasuwa ne mai kai dabbobi Maigatari ran Alhamis, kakana kuma malamin allo. A gidanmu ko tsohon kalangu babu. Amma garinmu yana da dandali, kuma idan farin wata ya fito bayan an kai amfanin gona gida, kowa can yake nufa. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa da tafi, samari su tsaya daga baya, makaɗin garin ya zauna tsakiya da yaransa biyu. Mu kuma ƙanana muna rakuɓe a gindinsa kamar 'yan tsaki.

Babu wanda ya taɓa ce mini zo in koya maka. Ga yadda abin ke shiga. Da farko tafi ne, kana bin 'yan mata har hannunka ya san inda ake faɗuwa. Daga nan sai gwangwanin tumatir da tsinke a bayan gida, ko jarkar ruwa idan an aike ka rijiya. Ranar da ɗaya daga cikin yaran makaɗi ya gaji, ko ya zagaya, sai Baba, haka duk muke kiransa, ya duba cikinmu ya miƙa wa wani kuntuku. Kuntuku ƙaramin abin kiɗa ne, aikinsa ya riƙe amo guda ba ya sakewa, a kansa babban kalangu ke hawa yana sauka. Idan ka kauce, Baba ba ya magana, sai dai ya harare ka, 'yan mata su kwashe da dariya. Wannan dariyar ta fi bulalar mushe a lakwal gyara mutum. Na sha ta sau uku ko huɗu, daga nan hannuna ya zauna.

Sai da na yi wata da watanni a kan kuntuku kafin ya bari na rataya kalangu. Ranar na gane abin da kunnena ya daɗe yana ji ban fahimta ba. Tsarkiyar da ta haɗa fatun baki biyu, idan ka matse ta da hammata sai murya ta hau, idan ka sassauta ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum, ya yi masa take, ya ce wa wance ta fito fili, kuma ta ji ta fito. Gula na bugu, yatsun hannun hagu na danne fata suna ƙara magana. Wannan ba a rubuta shi a allo. Sai ka zauna kusa da mai yi, cikin mutanen da za su amsa ko su ƙi amsawa.

Mata ma hanyarsu ke nan, har ta fi tamu faɗi. Yarinya tana fara jin kiɗa tun a bakin turmi, inda ake lugude, taɓare biyu ko uku suna shiga suna fita ba su karo. Daga nan sai ƙwarya a bikin suna ko na aure, a kife ta a ƙasa ko a kan ruwa cikin masaki, a yi ta bugu. Barmani Choge da duniya ta sani da kiɗan ƙwarya, ai daga irin wannan zaman na cikin gida sana'arta ta fito.

To ina matsalar take? Mun saba cewa kiɗa gado ne. Akwai gaskiya a ciki. Tambarin fada ba kowa ke taɓa shi ba, kotso irin na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo yana da gidajensa, kuma a Damagaram wanda ya san Ma'azu Ɗan Alalo ya san waƙar fada ba wasan yara ba ce. Amma wannan bene ne na sama. Ƙasan benen akwai dandali, akwai gayya inda gangar noma ke bin manoma kunya-kunya, akwai kalankuwa, akwai filin kokawa na ƙauye. A nan ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan maƙeri suke haɗuwa da fata. Mafi yawansu ba za su zama makaɗa ba, ni ma ban zama ba. Amma sun zama masu kunne, waɗanda suka san kiɗa mai kyau da na banza, masu iya cire dala ashirin su manna wa makaɗi a goshi domin sun ji abin da ya faɗa. Idan babu irin waɗannan, ɗan gado ma yunwa za ta kore shi.

Kuma ta kore shi. Na je gaida Baba a wannan tafiyar. Kalangunsa na rataye a ƙusa, fata ɗaya ta tsage, tsarkiya ta bushe. Babban ɗansa yana kabu-kabu a Magarya, ƙaramin ya tafi arewa neman zinariya. Na ce, "Baba, ba wanda zai karɓa?" Ya ce, "Ɗana, wa zai kira shi?" Mai sifika kuɗinsa kaɗan ne, ba ya cin tuwo, ba a sallamar yaransa.

Amma kada mu ɗora wa sifika laifin duka, mu ma da namu. Ranar da mahaifina ya ji labarin na rataya kalangu a dandali, bai doke ni ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Kana so a hana ƙannenka maza aure?" Ina ɗan shekara goma sha biyu, ban gane ba. Yanzu na gane. Muna son kiɗa, muna rawa, muna kuka idan an yi mana taken kakanninmu, amma idan makaɗi ya zo neman 'yarmu sai mu ce maroƙi ne, ba sa'anmu ba ne. Wannan raini ne, kuma mu da muka yi boko ba mu fi iyayenmu ba a nan. Mun ma fi su, domin su aƙalla suna kiran makaɗi su biya shi.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne lokacin ina jami'a. Na je Yamai wani taro, da yamma aka kai mu wani wuri inda na tarar da Turawa da 'yan birni sun yi da'ira, kowa da jembe tsakanin ƙafafunsa, wani saurayi yana koya musu. Biya suke yi a kowane zama. Ashe a Turai da Amurka abin ya zama ruwan dare: mutane su taru a fili, wanda ya iya da wanda bai taɓa bugawa ba, a miƙa wa baƙo ganga a ce bi mu. Na tsaya ina kallo, dariya na cina, haushi na cina. Wannan ai dandali ne. Abin da aka hana ni ina yaro shi ne wasu ke sayen tikiti su yi.

Jembe kuwa ba daga sama ya faɗo musu ba. Na Mandinkawa ne, Gini da Mali. Mamady Keïta, wanda ya rasu a 2021, a ƙauyensu Balandugu ya fara, wurin makaɗin garin. Yana ɗan shekara 14 aka ɗauke shi cikin ƙungiyar ƙasa ta Djoliba, daga baya ya buɗe makarantar kiɗa a Beljiyam, almajiransa suka bazu duniya. Da ƙauyen nan ba shi da fili da makaɗi mai barin yaro ya matso, da babu wannan labari.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan tsani. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 an farfaɗo da samariya, kowane gari da sarkin samarinsa, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye har matakin ƙasa. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda har yau ake neman takobinta, kuma har yau ba a shiga filin nan babu makaɗa. Ba ina cewa a maido da samariya yadda take ba. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ta zama igiyar gwamnati, a tara mutane su tarbi manya cikin rana ko suna so ko ba sa so. Amma ko wanda ya fi kowa sukarta zai yarda cewa a lokacin yaron Wacha ko Malawa ko Dogo-Dogo yana da inda zai je ya taɓa ganga ba a kira shi ɗan iska ba.

Na san abin da wasu za su rubuto mini a ƙasa. Na farko: addini. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Abin da na sani shi ne malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, da yawansu sun yarda da buga duffi a biki da idi, kuma 'yan Ƙadiriyya suna zikiri da bandiri, da hannu ake buga shi, cikin da'ira, yaro yana koya daga na kusa da shi. Wanda ya ɗauki fahimtar haramci, ina girmama shi, kada ya zo. Amma a lura: da aka kashe dandali kiɗa bai bar garinmu ba. Ya koma cikin waya, cikin kunnen yaro shi kaɗai, da tsakar dare, babu babba a kusa. Idan tsoron ɓarna ne, wanne ya fi sauƙin sa ido?

Na biyu: mutane na fama da tsadar hatsi da zazzaɓin damina, kai kana zancen kalangu. Gaskiya ne, kuma ni ma ɗan nan ne, na san layin da ake yi a likita cikin watan Agusta da Satumba. Amma ganga ba ta taɓa zama kishiyar tuwo ba a ƙasar nan. Da ita ake kiran gayya a nome gonar tsohuwar da ba ta da kowa. Garin da samarinsa suka saba haɗuwa a bi amo guda, shi ne garin da ake iya tarawa a yashe rijiya.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kuɗin kowace ƙungiyar waje. Don Allah kada ma a kawo mana horon kwana uku da tuta da kuɗin zama, a ɗauki hoto a watse. Muna da fada a kowace unguwa, daga Zinder har Sassumburum, muna shan shayi tun la'asar har dare. Yini guda a mako, tsakanin la'asar da magariba, a kira tsohon makaɗin unguwa. Kowa ya ajiye dala ashirin, mutum goma jika guda ke nan, a ba shi a hannu a matsayin malami, ba sadaka ba. Sharaɗi ɗaya: duk yaron da ya matso a bar shi ya taɓa, ko ɗan wane ne. Ba roƙo, ba taken ɗan siyasa. An kira salla a ajiye. 'Yan mata su yi nasu da ƙwarya a cikin gida tare da iyayensu mata, kamar yadda aka saba. Magadan gari kuma abin da za su iya yi kaɗan ne: su buɗe farfajiyar gidan matasa ba tare da an cika takarda goma ba.

Mu a fadarmu mun fara, makonni biyar ke nan. Zaman farko mu bakwai ne da jarka biyu da ƙwarya ɗaya, maƙwabta na leƙe suna dariya. Zama na uku wani dattijo ya zo ya janye jikansa da kunne, ban ce masa komai ba, na ga mahaifina a fuskarsa. Zama na biyar yaron ya dawo, ya tsaya daga nesa yana tafi.

Baba ya ce zai riƙa zuwa idan an gyara kalangun, kuma shi zai ɗaure da hannunsa, ba ya yarda wani ya taɓa masa tsarkiya. Fatar akuya yake so, ta ƙarama, marar tabo. Wanda zai yanka akuya a suna ko biki cikin kwanakin nan, a Magarya ko Dungas, ya ajiye mana fatar kada ya sayar. Zan zo in karɓa da kaina.