Abin da Auno Ta Koya wa Matafiyi

Mai shirin bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ya tuna da Auno, garin da ke kan wannan hanya. A daren 9 ga Fabrairun 2020, 'yan ta'adda suka afka wa matafiyan da suka iske an rufe hanyar shiga Maiduguri, suna barci cikin motocinsu a Auno. Aƙalla mutum 30 aka kashe. Har yau abin na ci mini rai, domin wanda ya rufe ƙofa shi ke da alhakin tsaron waɗanda ya bari a waje. Kai kuwa matafiyi, yi sammako. In la'asar ta riske ka a Damaturu, kwana can. In motocin da ke tahowa suka ɗauke ƙafa ɗif, matsa wa direba ya tsaya a tambayi mutanen ƙauye.