Shukar Kayan Lambu a Ƙarshen Bazara Cikin Birnin Zazzau

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da noman rani a bakin kogunan Galma da Kubanni ke ƙarewa, kayan miya kan yi tsada a kasuwannin Zariya. Tumatir ba ya jure zafin bazara, furensa zubewa yake yi. Idan ba a manta ba, a watan Mayun 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, bayan ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki.

Ƙananan lambunan cikin ganuwa su ne ke rage wa magidanta wannan raɗaɗi. Alayyahu kan isa yanka cikin mako 4, kuɓewa kuwa ta fara 'ya'ya cikin wata 2. Sai dai ruwan farko a Zazzau mayaudari ne: ya sauka sau ɗaya, ya ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone. Duk wanda ba shi da rijiya kusa, gara ya dakata sai damina ta zauna, galibi ƙarshen Mayu. Barkono da attaruhu kuwa a rene su ƙarƙashin rumfa tun yanzu.

Abin da ya fi damuwa shi ne filin kansa. Magabata sun bar gonaki cikin ganuwa domin kada yaƙi ya kawo yunwa. Yau gine-gine na lashe su. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Zariya, tare da masu unguwanni, ta ƙididdige lambunan da suka rage kafin a yanka su filoti.