Ku ƙyale dasashinku ya sarara

Ƴan uwa ɗalibai, wani sabon yayi ya shigo mana ta waya. A TikTok za ka ga an wangale bakin mace a wani asibitin Istanbul, likita yana bin layin dasashi da wutar leza yana datsewa, wai don haƙora su fito tsawo ɗaya in an yi murmushi. Wata ƴar ajinmu ta kalli wannan bidiyo har ta daina dariya a fili. In abu ya ba ta dariya sai ta kai gefen hijabi baki, wai dasashinta ya yi yawa. Shekara goma sha takwas tana dariya da abinta, babu wanda ya ce mata uffan, sai da waya ta gaya mata.

To, mu faɗi gaskiya. Likitan haƙori yana rage dasashi, e, amma sai ya auna tazarar da ke tsakanin bakin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙori, wani lokaci ma sai ya taɓa ƙashin. In aka wuce gona da iri, saiwar haƙori ta fito waje, ita kuwa ba ta da farin sulken nan da ke kare saman haƙori. Daga nan ruwan randa ma azaba ne. Kuma dasashin da ya ja baya ba gashi ba ne, balle a ce zai toho.

Wannan fa a hannun gwani ke nan. Mu nan Illela wa zai yi mana? Mun san yadda yayi ke sauka ƙasar nan: ya baro Turkiyya da leza, kafin ya iso kasuwar Konni ya koma reza. Haka aka yi da wushirya. Wadda Allah bai ba ba ta je a goge mata haƙora da magagari, ƙarfe ɗaya baki goma, ga ciwon hanta yana bin jini. Wushiryar ta samu, ƙanƙara kuma ta haramta gare ta har abada.

Na ji masu cewa, “Bakina ne, kuɗina ne.” Wallahi naki ne. Amma wannan sha'awar taki ce, ko aro ce? Kakanninmu sun rina haƙora da fure da goro, iyayenmu suka sa haƙorin Makka. Fure yana fita, zinariya ana cire ta. Nama fa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, dasashin da ya kamata mu duba ba shi muke dubawa ba. Akwai zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma (ba na gona ba). Da kumburin dasashi take farawa, ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Cikin ƴan kwanaki ta ci kunci da leɓe, in ba magani kuma mafi yawansu ba su tashi. Alhali in an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tsabtace baki suna tsayar da ita. A Sakkwato, nan ƙetaren iyaka, asibiti guda aka buɗe saboda ita tun 1999, amma sai Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Hutu ya kusa. In kun koma Badagishiri ko Malbaza ko ƙauyenku, ku ɗaga leɓen ƙannenku ku leƙa. In kun ga jini, da kumburi, da wari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi likita ranar nan.