A Daina Toshe Bakin Fitilar Jakar Iska a Garejinmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kpalime, ya ratsa Adidogome da hantsi, ya ga garejin kanikawa jere dama da hagu, da motocin da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome suna jiran gyara kafin a kora wasu Yamai, wasu Wagadugu, to ya san abincin Hausawan Zango da yawa, dillalai da direbobi da masu kayan gyara, yana rataye ne a jikin motar da wani ya hau ya gaji da ita a Turai ko Amurka. Sana'a ce ta halal, Allah ya ƙara mata albarka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar fitila ce a gaban direba, wadda ke kamawa idan an murɗa makulli, ta yi kamar sakan shida ta mutu, in dai jakar iska lafiyarta lau.

A daminar da ta wuce na raka wani maƙwabcina gareji, domin tun ranar da ya kutsa da Corollarsa cikin ruwan da ya cika layinmu fitilar nan ta ƙi mutuwa. Yaron mai wayarin ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, gyara kake so, ko a kashe maka ita?" Sa'an nan ya faɗi kuɗi iri biyu, na kashewa bai kai rabin na gyara ba. Da na nemi bayani sai ya yi mini ba tare da wata kunya ba, domin haka ya taras ana yi: ko a cire ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif, ko a haɗa shi da fitilar mai yadda za su kama tare su mutu tare, ko kuwa a cusa ɗan rizisto a bakin waya, kwamfutar mota ta ɗauka jaka na nan alhali gurbinta wayam.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake kashewa. A bayan bamba, kusa da lagireto, akwai na'urorin jin karo, wasu kuma a cikin ƙofofi ko ginshiƙan gefe, dukkansu suna kai rahoto ga wata kwamfuta da galibi ke zaune ƙarƙashin wurin giya. Idan mota ta yi karo, ita ce ke auna ƙarfin bugun, ta yanke hukunci, ta tsuke bel, ta hura jaka, kafin mutum ya ƙifta ido. Ita fitila shaida ce kawai, kuma a motoci da yawa ƙin mutuwarta na nufin jakar ba za ta buɗe ba ranar da ake bukatarta. Garinmu kuwa na bakin teku ne, iskarsa da gishiri, daminarsa da ambaliya, saboda haka tsatsa a bakin na'urar gaba, da wayar ƙarƙashin kujera da ta saki, da igiyar cikin sitiyari da ta tsinke, su ne mafi yawan illar, kuma akasarinsu gyaransu ba ya karya mutum.

A nan ne nake ganin mas'alar ta bar hannun bakanike ta shiga hannun malamai. Littattafan da muka karanta a zaure, Risala da Muhtasar, sun yi bayanin haramcin algus da ɓoye aibin haja, sun ba mai saye zaɓin mayarwa idan aibi ya bayyana, malaman Malikiyya kuma sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka danƙa masa. To, idan wanda ya zuba ruwa a nono ya yi algus, alhali iyakar cutarsa asarar 'yan kuɗi ce, ina hukuncin dillalin da ya sa aka toshe bakin shaidar da ke tsare rai, ya sayar wa magidanci mota yana rantsuwa cewa komai nata na aiki? Mai motar da ya kashe don kansa ma bai kuɓuta ba, gama ba shi kaɗai ke shiga ba, kuma wata rana zai sayar. Masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa sun faɗi gaskiya, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya cire birki saboda tawakkali ba.

Gyaran gaskiya sananne ne: a sa na'urar bincike wadda ke karanta sashen jakar iska, domin ƙananan na hannu sau da yawa inji kaɗai suke gani, a cire kan batir a dakata, saboda kwamfutar na riƙe wuta na ɗan lokaci, kada a taɓa wayoyin nan masu ruwan ɗorawa da fitilar gwaji, kada jaka ta fashe a fuskar yaro, in an sauya na'ura a sa mai lamba ɗaya da tsohuwar, a ɗaure ta yadda take fuskanta tun asali.

Akwai kuma batun Takata, kamfanin Japan da ya durƙushe a 2017 bayan an gano sinadarin da yake hura jaka da shi yana lalacewa a zafi da laima, har ya watsa ƙarfe a jikin direba. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kimanin miliyan 67. Wata motar ta baro can ba a sauya mata jaka ba, ta zo ta zauna cikin laimar Lome, kuma wannan aibi fitila ba ta nuna shi. Sai an duba lambar jikin mota a intanet.

Ina roƙon iyayen gareji su hana yaransu faɗin wancan kuɗi na kashe fitila, makarantar koyon sana'a ta Adidogome ta riƙa kiran kanikawan unguwa tana nuna musu aikin na'urar bincike, limamanmu kuma su sa wannan a babin ciniki idan suna karantarwa. Maƙwabcina dai ya zaɓi gyara, aka kwance bamba, aka taras da bakin na'urar hagu ya yi kore shar da tsatsa, aka sauya shi kafin la'asar.